A Kira Maigidanka na Yanzu, Ko a Dakata?

Akwai wata tambaya da takan zo a ƙarshen intabiyu, daidai lokacin da mai neman aiki ya fara sakin jiki. An duba takardunsa, an ji abin da ya iya, har an taɓo maganar albashi. Sai ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya ajiye biro ya ce, "Inda kake aiki yanzu, ba mu lambar shugabanka mu ji ta bakinsa. Ko da damuwa?" A nan gumi yake keto wa mutum, ko da a sanyin Jos na watan Disamba ne. In ya ce a kira, mai yiwuwa kafin ya sauka daga keke a unguwar Nasarawa Gwom ta Jos labari ya riga shi isa wurin aiki. In ya ce kada a kira, 'yan kwamiti su dubi juna, kowa yana raya wa ransa cewa akwai abin da ake ɓoyewa.

A majalisun Nasarawa Gwom maganar ta raba kan mutane, kuma rabuwar ba ta tsaya tsakanin masu gida da ma'aikata ba. Na ji malamin makaranta yana cewa shi ya fi son a kira, domin aikinsa ne zai yi masa magana. Na kuma ji mai makaranta yana cewa ba ya kiran kowa sai da izinin mai neman aikin, saboda ya san halin 'yan'uwansa masu makarantu.

Sai an san irin kasuwar aikin da matasan unguwar suke ciki kafin a gane nauyin tambayar. Haƙar kuza da ta gina Jos ta daɗe da ja da baya. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, kuma har yau masu rumfuna da yaransu ba su koma yadda suke ba. Kamfanoni irin su NASCO, wanda aka kafa a 1963, da Grand Cereals ba za su iya kwashe masu digiri da difloma da ake yayewa kowace shekara ba. Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta da hedikwatar hukumar horar da ma'aikata ta ITF na gwamnatin tarayya ne, gurbinsu kaɗan, masu nema daga kowace jiha. Aikin jiha kuwa yana bin takardar shaidar ɗan asalin ƙasa, wadda Hausawa da yawa haifaffun Jos suke shan wuya kafin su samu, matsalar da ƙungiyar Human Rights Watch ta yi dogon rahoto a kanta a 2006. Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne makarantun kuɗi da Islamiyyu, ƙananan asibitoci, kemis, gidajen mai, shagunan POS da ƙungiyoyin agaji. Sannan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba garin, kowa ya koma inda nasa suke. Saboda haka masu ɗaukar aiki a wannan ɓangare na gari 'yan tsiraru ne, sun san juna, sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a, tabarma ɗaya suke zama a wurin ɗaurin aure.

Abin da masu cewa a kira suke faɗa

Hujjarsu ta farko ita ce amana. Takardar makaranta tana nuna mutum ya yi karatu, takardar hukumar rajistar malamai ta TRCN tana nuna ya cancanci shiga aji, amma babu wadda za ta gaya maka ko yana zuwa kan lokaci, ko hannunsa yana da saurin kai wa yara duka, ko kuɗin makaranta yana ɓata a aljihunsa. Mutanen da mai neman aiki yake rubutawa a ƙasan takardar CV a matsayin masu ba shi shaida, shi ya zaɓe su: limamin unguwa, kawunsa da ke aiki a ma'aikata, malamin da ya duba masa aikin kammala digiri shekara shida da suka wuce. Dukansu masu son sa ne, kuma babu wanda ya taɓa ganin sa a bakin aiki. Maigidan da ya bari tun tuni ma labarin jiya yake da shi. Wanda ya san halin mutum na yau shi ne wanda yake ganin sa kowace safiya.

Suna kuma cewa wannan ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turawa. Je ka layin masu sayar da kayan gyaran mota a Dilimi. Saurayi ya zo ya durƙusa gaban mai shago, ya ce yana neman a riƙe shi.

"A wajen wa kake da?"

"Wajen Alhaji na can ƙasan layi, ranka ya daɗe."

"Ya sallame ka, ko kai ka taho?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Mai shago ba zai ƙara cewa komai ba, sai dai ya ce masa ya dawo jibi. Bayan La'asar zai saɓa babbar rigarsa ya taka da ƙafarsa har ƙasan layin, su gaisa, a kawo ruwa, sannan ya ce, "Alhaji, yaronka ya zo wajena. Na ce ba zan karɓe shi ba sai na ji daga gare ka." A kasuwa, karɓar yaron wani ba tare da wannan takawar ba hure kunne ne, kuma yana iya raba zumuncin shekara talatin. Tun zamanin fatauci da haka ake ba da kaya bashi daga Kano zuwa Gwanja: wani ya tsaya wa wani. Masu wannan ra'ayi suna tambaya, me ya sa abin da yake mutunci a kasuwa zai zama cin fuska a ofis?

Akwai kuma hujjar addini. Babu iyayen da za su ba da 'yarsu ba tare da binciken asali da hali ba, kuma malamai sun halatta wa wanda aka nemi shawararsa ya faɗi aibin da ya sani. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ba ya zama gulma, cikinsu har da gargaɗin Musulmi daga cutuwa. Malamai sukan kafa hujja da Faɗimatu 'yar Ƙaisu, wadda ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya kuma bayyana mata raunin kowannensu. Wanda zai damƙa wa baƙo aji mai yara arba'in, ko makullin ɗakin magani, yana da haƙƙin irin wannan binciken.

Inda hujjarsu ta fi ƙarfi shi ne wurin yara da marasa lafiya da kuɗin jama'a. A Ingila, a 2002, mai kula da ginin wata makarantar sakandare a garin Soham ya kashe 'yan mata biyu masu shekara goma-goma. Kwamitin bincike na Bichard da ya ba da rahoto kan lamarin a 2004 ya gano giɓi a yadda aka tantance mutumin kafin a ɗauke shi. Ƙa'idar da makarantun ƙasar suke bi a yau ta ce a nemi shaida daga wurin aikin mutum na yanzu, in da hali tun kafin intabiyu. A nan gida, Babban Bankin Najeriya yana ajiye sunayen ma'aikatan banki da aka kora saboda zamba, bankuna kuma suna dubawa kafin su ɗauki mutum. Ma'aikacin gwamnati da ke son canjin wurin aiki, ta hannun shugabansa takardarsa take bi. Jami'o'i idan sun yi tallar gurbi sukan ce masu shaida uku su aiko da rahotonsu kai tsaye ga Magatakarda, a rufe. Idan manyan hukumomi ba su yarda da bakin mutum kaɗai ba, ta yaya mai ƙaramar makaranta a Rikkos ko Unguwar Rogo zai yarda?

Martanin masu cewa a dakata

Masu adawa ba su musanta amana ba. Abin da suke cewa shi ne a dubi wanda yake biyan kuɗin wannan kiran. Mai ɗaukar aiki katin waya na naira ɗari ya kashe. Mai neman aiki kuwa abincin gidansa ya sa a faifai, alhali ba a yi masa alkawarin komai ba. Mutum goma ake kira intabiyu a ɗauki ɗaya. Idan an kira shugabannin goman, an tona asirin mutum tara a banza.

Na ga yadda abin yake faruwa a kan 'yar maƙwabcinmu, malamar lissafi a wata makarantar kuɗi. Ta nemi izinin zuwa asibiti ranar Alhamis, ta je intabiyu a wata makaranta da ta fi biya. Shugaban kwamitin ya ga sunan makarantarta a takarda, ya yi murmushi ya ce ai mai makarantar amininsa ne, tare suke zuwa taron ƙungiya. Bai tambaye ta ba, da daddare ya buga masa waya. Ranar Litinin ta shiga ofishin malamai ta tarar an liƙa sabon jadawalin darasi a bango, an shafe sunanta daga ajin ƙarshe da farin fenti na gyaran rubutu, an rubuta na wani da biro a kai. Rajistar ajinta ba ta cikin durowa. Masinja ya ce Baba Alhaji, mai makarantar, yana kira.

"Malama, ashe mun yi miki kaɗan?"

"Baba, wallahi ba haka ba ne. Hidimar gida ce ta yi yawa."

"Ba komai. Tunda kin samu inda ya fi, Allah ya sa alheri. Ki miƙa littattafai ga hedimasta."

Waccan makarantar kuwa wani ta ɗauka. Albashin watan bai fito ba sai da mahaifinta ya tura dattawa. Ta yi zangon karatu guda cur a gida, biyu babu. Ba wanda ya zarge ta da sata ko sakaci. Laifinta kawai ta nemi inda za ta samu ƙari, a shekarar da aka cire tallafin mai, kuɗin keke daga Nasarawa zuwa makaranta ya fara cinye rabin abin da take samu.

Masu wannan ra'ayi suna nuni da cewa doka ba ta ba irin wannan ma'aikaciya wata inuwa mai kauri ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce notis ɗin kwana ɗaya ya isa ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko ya wuce. Dokar ma ba kowa ta rufe ba: masu aikin gudanarwa da ƙwararru, abin da ke cikin takardar yarjejeniyarsu ne yake aiki a kansu, kuma da yawa a unguwa ba a taɓa ba su takardar ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kwatanta wannan mutum da ma'aikacin gwamnati kuskure ne. Ma'aikacin gwamnati yana miƙa takardar neman canji ta hannun darakta ne saboda darakta ba shi da ikon korar sa a kan haka.

Sai hujjar da nake ganin ta fi kowace kaifi. Maigida na yanzu ba shaida ne mai zaman kansa ba, yana da buƙata a cikin lamarin. Idan ma'aikacin gwani ne, amfanin maigida shi ne kada ya tafi, don haka sai ya ja numfashi a waya ya ce, "To, yana dai ƙoƙari." Idan kuwa ya zame masa ƙarfen ƙafa, amfaninsa shi ne ya rabu da shi lafiya, sai ya yi ta zuba yabo. Ke nan kiran yana iya ba ka kishiyar gaskiya, kai kuma kana ganin ka yi bincike. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, alƙali ba ya karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Waɗanda suka kawo hujjar shawara, in ji masu adawa, sun karanta rabin babi ne suka rufe littafi.

Masu goyon baya sun sake dawowa

Suna cewa labarin malamar abin takaici ne, amma a saurari ɗaya gefen. Mai makaranta ya horar da malami shekara uku, ya damƙa masa ajin da zai zauna WAEC da NECO. Saura wata biyu jarrabawa, albashi ya shiga ranar Juma'a, ranar Litinin waya a kashe. Sai a bakin ɗalibai zai ji cewa Malam ya koma wani wuri. Wa ya biya wannan? Yaran da iyayensu suka sayar da akuya suka biya kuɗin jarrabawa. Haka mai kemis da ke wayar gari ya ga yaronsa ya buɗe wa wani shago a layi na gaba da kwastomominsa. Idan al'ada ta zama sabon maigida ba ya ɗaukar kowa sai ya ji daga tsohon, dole mutum ya fita ta ƙofa, ya ba da notis, ya miƙa amana. Ɓoye-ɓoye ne yake haifar da gudu, gudu kuma yake sa masu gida su ƙara tsananta wa waɗanda suka rage.

Game da shaidar ƙarya, suna cewa akwai magani. Tun 1994 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, a shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian, ta yanke cewa maigidan da ya rubuta shaida da sakaci har ta cutar da tsohon ma'aikacinsa zai biya diyya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Najeriya ta bi wannan sawun, ta ce shaidar da maigida zai bayar dole ta zama gaskiya, mai adalci, marar ruɗarwa. Kotun tana da reshe a nan Jos.

Hujjarsu ta ƙarshe ta shafi Jos kai tsaye, kuma ta taɓa ni. Matashin da adireshinsa ya nuna Nasarawa Gwom ko Gangare, idan ya nemi aiki a Rayfield ko Bukuru, yana shiga ɗakin da ba kowa ya san shi ba, wani lokaci ma an riga an yi masa hukunci daga sunansa da unguwarsa. Haka ɗan Tudun Wada ko Kabong da ya zo neman aiki a wannan gefe. Ɗan masu hali yana da wanda zai yi masa waya. Ɗan talaka ba shi da kowa sai aikin da ya yi. Muryar maigida da zai ce, "Shekara huɗu yana riƙe mini kuɗi, ko sisi bai taɓa ɓata ba," ita ce kaɗai za ta iya tsallake wannan katangar. Akwai ma bincike a kai. Masana uku, Martin Abel da Rulof Burger da Patrizio Piraino, sun yi gwaji a Afirka ta Kudu suka wallafa a 2020: haɗa takardar shaida daga wurin aiki da takardar neman aiki ya ƙara yawan waɗanda aka kira da kashi 60 cikin 100, kuma mata ne suka fi amfana.

Amsar masu adawa

A kan binciken Afirka ta Kudu, amsar gajeriya ce. Takardun daga wuraren da mutane suka riga suka bari ne, kuma a hannun masu neman aikin suke, su suke zaɓar su miƙa. Wannan daban, kiran da ake yi a bayan idon mutum ga wanda yake riƙe da albashinsa daban.

A kan kotu kuwa, suna tambaya: malamar da ke karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, da me za ta ɗauki lauya? Kuma me za ta nuna wa alƙali? Shari'ar Spring a kan rubutacciyar takarda aka yi ta. A nan waya ake bugawa bayan Isha'i, ko a ja hannun juna gefe a wurin jana'iza. Kalma uku, "Ka yi hankali," sun isa su rufe ƙofa, kuma ba sa barin sawu.

Suna kuma tunatarwa cewa sau da yawa maigidan ne dalilin tafiyar. Wani ma'aikacin yana bin albashin wata uku. Wata ma'aikaciyar asibiti tana gudun shugaban da ya matsa mata da maganar da ba ta dace ba, ta kasa faɗa wa kowa sai mahaifiyarta. A ce sai wannan mutum ya wanke ta kafin ta samu mafita, an ɗaure ta ke nan a hannun wanda take gudu. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce duk mai tattara bayanan mutum dole ya kasance da hujja ta doka, ya kuma sanar da shi abin da zai yi da su. Mai ɗaukar aikin da ya ɗauki sunan makaranta daga takardar CV ya kira ba tare da ya faɗa ba, zai yi wuya ya ce ya bi ruhin wannan doka. Game da malaman da ke gudu ana dab da jarrabawa, sun yarda laifi ne, amma suna cewa mai makarantar da ya ba da takardar ɗaukar aiki, ya rubuta notis ɗin zango guda a ciki, yake kuma biya kan lokaci, da wuya ya gamu da shi.

Tankaɗe da rairaya

Da farko, nawa ne ƙimar wannan shaidar da ake ta faɗa a kanta? A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. A ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 1, gwada mutum da ainihin aikin ya samu 0.54, intabiyu mai tsararrun tambayoyi 0.51, tambayar masu shaida kuwa 0.26. An sake lissafi a 2022, alƙaluma da dama suka sauka, amma intabiyu mai tsari ya kasance a sahun gaba. Darasin ga mai makaranta a fili yake. In kana son sanin ko malami ya iya koyarwa, ba shi alli da aji na minti talatin. In mai haɗa magani ne, ajiye masa takardar likita ka tsaya. Abin da gwaji ba zai nuna ba shi ne hali da amana, kuma nan ne kaɗai shaidar maigida take da gurbin da babu mai cike shi.

Na biyu, da yawan abin da ake son tabbatarwa ba ya buƙatar kiran kowa. Takardar ɗaukar aiki, takardar ƙarin girma, bayanin banki da ke nuna shigar albashi wata-wata, bayanin asusun fansho ga wanda ake zuba masa, duk suna tabbatar da cewa mutum yana aiki inda ya ce. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, doka ta wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki idan sun rabu, ɗauke da ranar shiga da ranar fita da irin aikin da ya riƙe. Ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram yana iya tara irin waɗannan a jakarsa. A Jamus ma ma'aikaci yana da haƙƙin a rubuta masa shaida. Mu a nan sai an yi roƙo. Da ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta Filato za ta ɗora wa 'ya'yanta wannan al'ada, da rabin rigimar ta kau.

Na uku, na lura ɓangarorin biyu sun fi saɓawa a kan lokacin kira da izinin mai shi fiye da kiran kansa. A nan ni ina tare da masu cewa a dakata. Kira kafin a yanke shawarar ɗauka, ko kira ba da sanin mutum ba, cutarwa ce da babu amfanin da ya kai ya biya ta. Amma ina tare da masu goyon baya cewa wanda za a ba yara ko majinyata ko kuɗin mutane, bai kamata ya fara aiki ba sai an ji daga inda ya fito. Tsakanin waɗannan akwai hanya: a ba shi takardar ɗauka bisa sharaɗi, shi ya fara sanar da maigidansa da bakinsa, sannan a kira.

Saboda haka, wanda aka jefa wa tambayar kada ya rikice, kada kuma ya yi ƙarya ko ya fara zagin inda yake. Yana iya cewa, "Yallaɓai, ba ni da abin ɓoyewa. Sai dai har yanzu ban sanar da su ina neman wani wuri ba, kuma na fi so su ji daga bakina. Ga lambar shugabana na da, ga takardar ɗaukata da shaidar albashi. Idan kun yanke shawarar ɗauka ta kun ba ni a rubuce, ku ba ni kwana biyu in same shi, daga nan ku kira shi." Kwamitin da ya san aikinsa zai ji mutunci a wannan amsa, domin yadda mutum ya bi da tsohon maigida haka zai bi da sabo. Wanda kuma ya san maigidansa mutumin kirki ne, gara ya same shi tun kafin intabiyu. Akwai irinsu da yawa a Nasarawa, waɗanda za su sa maka albarka har su yi maka wayar da kansu.

Duk da haka hanyar tsakiyar ba ta warware komai da komai ba. Takardar sharaɗi tana nufin ana iya janyewa. Mutum ya sanar da maigida, maigida ya fusata ya ɓata shi a waya, sabon wuri ya janye: ya saki reshe ya kama ganye, kuma a wannan karon da hannunsa ya saki. Wasu suna cewa a wajabta wa sabon wurin ya gaya masa abin da aka faɗa, ya ba shi damar kare kansa, ya kuma nemi bakin mutum na biyu kamar hedimasta ko abokin aiki. Wasu suna cewa in aka san za a maimaita wa mutum maganar, babu maigidan da zai ƙara faɗin gaskiya, musamman a unguwar da gobe za a haɗu a masallaci, kuma malamin da ya cutar da yaro zai wuce da yabo zuwa makaranta ta gaba. Ga kuma yaron shago da mai sayar da mai da mai POS, waɗanda ba a taɓa rubuta musu komai ba: a wajensu babu takardar sharaɗi, babu bayanin banki, sai bakin Alhaji. Ko takawar bayan La'asar tana kare su ne ko tana tsare su a inda suke, ya danganta da wane Alhaji ne, kuma a kan wannan dattawan Dilimi da yaransu ba su taɓa ba ni amsa iri ɗaya ba.